Rabin Hanya

Gidanmu na bayan Bragança, can kan tudu.
Kakan kakana ya ɗora shi da dutse,
kaurin bango kamu biyu, don sanyi ya gaji ya koma.
Sanyi kam yana komawa.
Haka ma waifai.

Rauta tana falo, gefen taga,
tana ƙifta koren ido kamar ba ruwanta.
A kicin sanda uku. A matakala biyu.
A ƙofar Baba Amadeu guda ɗaya, tana rawar ɗari,
ka jefa ƙafa ciki, ta ɗauke.

Shi kuwa tun da ƙugunsa ya karye a gonar zaitun
bai sake saukowa ba.
Duk Lahadi Fausto kan kira daga Lyon,
sai in tsaya a tsakiyar matakala, waya a hannu,
in ji ta bakin ɗa, in ɗaga murya in miƙa wa uba,
in ji ta bakin uba, in dakushe kaifinta, in mayar.
Wata bakwai ina wannan dako.

Ran kasuwa na shiga shagon Horácio.
Ya turo min wata 'yar farar aba,
ba ta fi sandar sabulu ba,
kunnuwa biyu a miƙe kamar zomo ya ji motsi.
Yuro ashirin da bakwai.
Ya ce, "Ba ta haƙa rijiya, Celeste,
ɗiba take ta kai gaba."

Na ji, ban saurara ba.
Ina isa na hau sama, na soka ta a soket ɗin kan gadon Baba.
Ta yi ja. Na cire, na hura, na mayar.
Ta sake yin ja.
Baba ya ce kuɗin sun isa buhun abincin kaji.

Na sauko na buga wa Horácio,
ya yi dariya har da tari:
"Kin kai ta inda babu, me za ta raba?
Nemi wurin da take jin rauta sosai,
amma muryarta na iya kai wa tsoho."

Na gwada bayan firji, ta ƙi.
Na gwada kusa da babban madubin Mama,
madubin ya maido komai, yadda ya saba.
Saura soket guda, mai tsatsa a baki,
ƙarƙashin hoton bikinsu,
a tsakiyar matakala,
daidai inda takalmina ya cinye fentin katako.

Na danna maɓalli a ƙasa, na haura da gudu na danna nata.
Minti biyu tana tunani.
Ƙararrawar coci ta buga huɗu.
Sai kore.

Lahadi ta zo. Na jingina wayar da kwalbar magani,
na gyara masa matashi, na fita.
Hoton kan daskare, ya bar Fausto da baki buɗe,
gudun ma rabi ne, an faɗa min tun a shago,
amma fuska ta ga fuska.

Ba su yi minti biyar ba suka kaure
kan sayar da gonar zaitun.
Na'urar ba ta iya rage gishiri ba.
Yadda aka ba ta, haka take kaiwa,
da zagin, da shirun da ke biyo bayansa,
da wata kalma da na ɓoye tun watan Maris.

Ina kicin, hannuna ba kowa, ba komai,
na yanka albasar da ba na bukata.
Can na ji tsohon yana dariya,
irin wadda ban ji ba tun kafin faɗuwar,
yana cewa, "Kai ma ka yi furfura, ɗan banza."

Da dare na wuce ta a matakala, idonta kore.
Na tsaya kaɗan kusa da ita.
Wurin bai ishe mu mu biyu ba,
sai na haura.